Ɗana, Ka Fara Tambayar Ƙafarka

Ɗana, na ji daɗi ƙwarai da ka fara fita sassarfa bayan sallar asuba. Allah ya ba ka ɗorewa. Sai dai tun ba a je ko'ina ba na ga hankalinka ya bar hanya ya koma shago: wane takalmi ake yayi, wane agogo ne ya fi yawan lambobi a fuska, nawa ake sayar da shi. Neman kayan aiki mai kyau ba laifi ba ne. Tsorona shi ne ka kwashe albashin wata guda ka zuba a kayan da aka ƙera domin wani mutum daban, mai wani jiki daban, mai neman abin da ba shi kake nema ba. Kai ba kofi za ka ciyo ba. Lafiya kake nema, da raguwar tumbi, da barci mai daɗi, da numfashin da ba zai yanke maka ba idan ka hau bene. To ka saurara, kuma duk abin da zan faɗa maka ya shafi 'yar'uwarka idan ita ma tana fita.

In kuɗin hannunka bai kai na abu biyu ba, takalmi ne farko, babu ja. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau biyu zuwa uku, kuma a kilomita ɗaya mai sassarfa yakan yi taku wajen dubu. Ka lissafa na kilomita biyar, sau uku a mako. Takalmi ne yake tsakaninka da wannan dukan. Agogo ƙirga kawai yake yi.

Na san za ka haɗu da masu cewa ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya lashe gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960. Gaskiya ne, ya cinye kilomita 42.195 da tafin ƙafarsa cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Amma su ƙarasa maka labarin. Bayan shekara huɗu, a Tokiyo, ya sake lashewa sanye da takalmi, kuma ya rage fiye da minti uku a kan lokacinsa na Rum. Sannan shi soja ne da ya saba tun yana yaro, tafin ƙafarsa ya yi kanta. Kai kuma shekara da shekaru ƙafarka na cikin sau-ciki a ofis, hanyarka kuwa ba ta rasa fasasshiyar kwalba da ƙusa da tsidau. Ka sa takalmi. Kuma ya zama na gudu, ba na ƙwallo mai haƙora ba, ba kuma kambas ɗin kwalliya mai shafaffen ƙasa da ake zuwa biki da shi ba.

To wanne ne naka? A nan nake so ka natsu, domin a nan aka fi ruɗa mutane. An daɗe ana cewa sai an duba siffar tafin ƙafa: a jiƙa ta a taka takarda, in ta fito shimfiɗaɗɗiya a ba mutum takalmi mai tauri ta ciki don ya hana ƙafar karkata, in mai rami ce a ba shi mai laushi. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta yaɗu. Amma rundunonin sojan Amurka sun gwada ta a kan dubban sabbin kurata: wasu aka zaɓa musu takalmi bisa siffar ƙafarsu, wasu aka ba su iri ɗaya ba tare da an duba ba. Da aka gama horo aka ƙirga waɗanda suka ji rauni, ba a ga wani bambancin kirki ba. Shi ya sa Benno Nigg na Jami'ar Kalgari a Kanada, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa yana nazarin takalmin gudu, ya fito a 2015 shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar cewa abin da ya fi cancanta mai gudu ya dogara da shi wajen zaɓe shi ne jin daɗin ƙafarsa. Takalmin da ka saka ka ji kamar da shi aka haife ka, shi ne naka, ko da mai shago ya rantse wancan ya fi.

Amma jin daɗin nan yana da ladubba, ba a zaune a kan benci ake gane shi ba. Ka je kasuwa da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura a ƙarshen yini kamar yadda take kumbura a lokacin gudu. Ka tafi da safar da za ka riƙa gudu da ita. Ka saka duka ƙafa biyu, don kusan kowa yana da ƙafar da ta ɗan ɗara 'yar'uwarta, kuma babbar ake yi wa awo. Ka ɗaure igiya ka miƙe tsaye, sannan ka duƙa ka danna babban yatsan hannunka a bakin takalmin. Dole ya sami wurin zama tsakanin yatsan ƙafarka mafi tsawo da ƙarshen takalmin. In babu wannan filin, kowace gangara yatsunka za su riƙa dukan bango, kuma bayan 'yan makonni za ka ga farce ya yi baƙi ya tumɓuke. Shi ya sa takalmin gudu yakan fi na zuwa aiki girma da rabin lamba ko lamba guda. Kada ka riƙe cewa kai ɗan 43 ne ko ana ha-maza-ha-mata, domin 43 na wannan kamfani ba lalle ya zama 43 na wancan ba. Ka ɗaga harshen takalmin ka duba awon santimita da aka buga a ciki, shi ya fi gaskiya.

Sai faɗi, wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi. Wanda ya tashi cikin silifas da takalmin fata buɗaɗɗe yatsunsa a baje suke, da yawa daga cikin takalman nan kuwa siraran baki ne. Ga dabara mai sauƙi: zaro shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa ka taka da dukkan nauyinka. In ka ga ƙaramin yatsa ko gefen babban ya zubo waje, ajiye shi, kada ka yaudari kanka da cewa zai buɗe daga baya. Takalmin fata ne yake buɗewa, na gudu yadda ka saye shi haka zai zauna. Diddige kuma ya zauna daram, kada ya riƙa zamewa sama in ka ɗaga ƙafa. Daga nan ka roƙi mai shago ya bar ka ka yi 'yar sassarfa a ƙofarsa. Duk inda ka ji wani ɗinki yana gogar ka ko kaɗan, ka sani a kilomita na huɗu wurin nan bororo ne.

Akwai wata lamba guda da ya kamata ka sani, wato tazarar tudu tsakanin diddige da gaban takalmi. Yawancin takalman da aka saba da su diddigensu ya fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, wasu kuma a kwance suke, babu tazara ko kaɗan. Babu wanda ya fi wani a wajen kowa da kowa. Haɗarin yana cikin sauyawa farat ɗaya: wanda ya saba da mai tudu ya koma kwantacce rana tsaka, nauyin sai ya faɗa a kan sharaɓa da agara, ciwon agara kuwa yana iya zaunar da mutum watanni. In ka sami wanda ya karɓe ka, ka zauna kusa da irinsa.

Yanzu ga wanda na san idonka yana kai, mai tudun nan mai launi kamar an watsa masa fenti. A 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly, wanda aka cusa wa farantin kabon a tsakiyar wani soso mara nauyi mai maido da ƙarfi, aka ce yana rage wa mai gudu wahala da kimanin kashi 4 cikin ɗari. A ranar 12 ga Oktoba 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya sa wani ƙanen wannan takalmi a birnin Biyana ya gama kilomita 42 da 'yan kai cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Abin ya yi ƙarfi har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a farkon 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren kan titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce ɗaya. Wanda Tigst Assefa ta Habasha ta sa ta kafa tarihi a Balin a 2023 kuɗinsa a lokacin dala 500, kuma an ƙera shi ne don ya yi tsere guda. Ban ƙaryata aikin waɗannan takalma ba, suna aiki. Amma wa suke yi wa? Wanda daƙiƙa talatin ce tsakaninsa da kyautar miliyoyi. Dokin sukuwa ne, ba da shi ake zuwa gona kullum ba. Ga tsada, ga saurin mutuwa, ga tudu da ƙarancin faɗi a diddige da suke sa mai gudu a hankali tangal-tangal, balle a kan burji mai ramuka. Su kansu 'yan Kenya da ke atisaye a jar ƙasar garin Iten, yawancin kilomitocinsu na mako da takalmin yau da kullum suke yin su. Kai ma irinsa za ka nema: mai soso madaidaici, mai roba sosai a ƙasa, mai saman raga da iska za ta ratsa. In ka sami samfurin bara da aka karya wa farashi, ɗauke shi da hannu biyu. Sau da yawa launi da 'yan ɗinke-ɗinke ne kawai suka raba shi da na bana.

Ba zan yi kamar ban san yawancinmu a gwanjo muke saye ba, a Ƙofar Wambai ko makamanciyarta a garinku. Babu kunya a ciki, kuma gwanjo na asali ya fi sabon jabu sau ba adadi. Matsalar ita ce takalmin gudu daga ciki yake mutuwa. Sama tas, an wanke an goge, amma soson ya riga ya sha kilomita ɗari bakwai a ƙafar wani Bature. To ka duba da kyau. Ajiye shi a kan tebur ka tsuguna ka hango shi ta baya: in ya jirkice gefe guda, ya ɗauki takun mai shi na farko, kuma zai tilasta maka irinsa. Dubi gefen soson, in ya yi tamoji layi-layi ya riga ya lotsa. Danna babban yatsa ta ciki wajen diddige, mai rai zai ture ka ya dawo, matacce kuwa ko ya yi tauri ko ya nutse ya zauna. Juya ƙasansa ka ga ko zanen robar ya shafe har farin soso ya bayyana. In ya ci waɗannan, ka yi ciniki.

Mu koma kan agogo. Shawarata ita ce ka ba kanka wata uku tukuna. In wata uku ya cika kana fita ba fashi, ka cancanci agogo kuma za ka san abin da kake bukata a cikinsa. Kafin nan wayar da ke aljihunka tana auna nisa da lokaci da manhajar kyauta. Ko ɗan Casio baƙi ɗin nan mai araha, wanda batirinsa ke shekaru, ya ishe ka, domin mai farawa da minti ya kamata ya yi lissafi, ba da kilomita ba: minti ashirin yau, ashirin da biyar bayan mako biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti ta yi nata awon, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, ko 75 na mai ƙarfi. In kana kusa da filin wasa irin na Ahmadu Bello a Kaduna ko na Seyni Kountché a Yamai, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, biyu da rabi kilomita guda. Babu agogon da ya kai wannan awon daidaito.

Idan lokacin saye ya yi, abu uku za ka tambaya kafin komai. Yana da na'urar GPS ta kansa, ko sai ya jingina da waya? Mai tasa yana sauraron taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, in ya kama aƙalla huɗu sai ya lissafa inda kake, ya yi ta ɗiga alama yana haɗa su su zama hanya. Ba ya cin data, ba ya bukatar layin waya. Sai batir, wanda a ƙasar da wuta ke zuwa ta ɗauke ba ƙaramin abu ba ne: agogunan da aka yi musamman don gudu, irin na Garmin da Coros da Polar, sukan kai mako ko fiye da caji ɗaya, alhali Apple Watch na gama-gari kusan kullum sai an caja shi. Sai maɓallai. Fuskar shafawa tana da kyau a shago, amma da hannu mai zufa a tsakiyar hanya maɓallin dannawa ne yake amsawa. Ƙaramin samfurin kowane kamfanin kirki yana da waɗannan ukun. Abin da ake ninka kuɗi a kansa, taswirar duwatsu da awon nitso a teku da jikin ƙarfe mai tsada, ba za ka taɓa buɗe shi ba. Ka kuma yi hattara da masu arahar banza da ake tallarsu a bakin titi. Cire shi ka ɗora a kan katako ka danna awon zuciya. Akwai waɗanda za su ba ka lamba, a kan katako.

Ko na gaskiyar ma ka san iyakarsa. Koren hasken da kake gani yana ƙyaftawa a bayan agogo fata yake haskawa, yana lura da yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a kowane bugu. In agogon ya yi sako-sako, ko yana zaune a kan ƙashin wuyan hannu, sai ya rikice, wani lokaci har ya riƙa ƙirga takunka a matsayin bugun zuciya. Ka matsar da shi sama da ƙashin kamar faɗin yatsa, ka ɗaure shi ya kama. Abin awon zuciya da ake ɗaurawa a ƙirji, irin wanda kamfanin Polar na Finlan ya fara fitarwa a 1982, har yau shi ya fi daidai. A 2017 masana a Jami'ar Stanford sun gwada agoguna bakwai a kan mutum 60. Wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, ko da yake an lura kuskuren yana ƙaruwa ga masu duhun fata da masu ƙiba, abin da ya shafe mu kai tsaye. Wajen ƙiyasin abincin da jiki ya ƙona kuwa babu ko ɗaya da ya ci jarrabawa: mafi kyau ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni da kashi 93. Saboda haka kada agogo ya ce ka ƙona kaza ka je ka rama da masa da lemon kwalba. Lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don sanin ƙololuwar bugun zuciya shi ma kintace ne, yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye. Taku 10,000 da agogo ke matsa maka ka cika kuwa ba daga asibiti ya fito ba, sunan wata na'urar ƙirga taku ne da wani kamfanin Japan ya yi tallarta a 1965.

Abin da ya fi damuna ba kuskuren agogo ba ne, biyayyar da ake yi masa ce. Na ga samari suna gudu ido a wuyan hannu, fuska a murtuke, don jiya sun yi kilomita cikin minti shida yau kuma ya kai shida da rabi. Agogon bai san yau watan Afrilu ba ne, zafi ya tashi tun hantsi, zuciya na aiki biyu, tana kai jini ga ƙafa tana kai wa fata don ta huce. Bai san ƙurar hunturu ta cika maka ƙirji ba. Bai san kana azumi ba, ko jaririnku ya hana ku barci. Kai ka sani. Awon da na fi yarda da shi kyauta ne: in kana iya hira da abokin gudunka jimla cikakkiya ba tare da haki ya katse ka ba, kana daidai. Mafi yawan gudunka a haka ya kamata ya kasance, manyan 'yan tseren duniya ma kusan kashi huɗu cikin biyar na atisayensu mai sauƙi ne. Ciwon ƙwauri da na gwiwa da ke korar masu farawa, mafi yawansa daga gaggawar ƙara nisa da sauri yake zuwa, ba daga takalmi ba. Huhu yana saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa sai a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

In ka haura arba'in, ko kana da hawan jini ko ciwon suga, ko a gidanku akwai ciwon zuciya, kuɗin farko na likita ne kafin na shago. Wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, to lambar agogo ba za ta nuna maka ainihin wahalar da kake sha ba. Mai ciwon suga kuma ƙafarsa tana iya daina jin zafi, takalmi ya ci shi bai sani ba, don haka ya riƙa duba tsakanin yatsunsa duk ya dawo. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko wani ciwo yana bin hannun hagu, ka tsaya nan take ka nemi asibiti, ko da agogon yana cewa lafiya lau.

Akwai kuma maganar tsaro. Manhajojin nan irin su Strava suna zana hanyar da ka bi su nuna wa jama'a. A farkon 2018 aka gano taswirar da kamfanin ya wallafa ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, saboda sojoji suna zagaye su da agogo a hannu. Kai da kake kunna naka a ƙofar gida, ka kashe a ƙofar gida, ƙarfe shida na kowace safiya, ka ga abin da kake sanar wa wanda ba ka sani ba. A halin da ake ciki wannan ba wasa ba ne, musamman ga 'ya'ya mata. Ka shiga saituna ka rufe shafinka sai ga waɗanda ka sani ido da ido, ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ka riƙa sauya hanya.

Wani aiki guda da agogo zai yi maka da kyau shi ne ƙirga shekarun takalminka. Takalmin yau da kullum yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya gaji, mai nauyin jiki ya fi saurin kashe shi. In kana yin kilomita 15 a mako, ka ga wata takwas zuwa shekara ke nan. Ka rubuta ranar da ka fara sa shi da biro a ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Kada ka je kasuwa ko ɗaurin aure da shi, na gudu na gudu ne. Zafi yana cin soso da gam, saboda haka kada ka bar shi a but ɗin mota ko ka shanya shi a kan kwano tsakar rana. In ya jiƙe, zaro shimfiɗar, cusa masa tsohuwar jarida, ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ranar da ka ji gwiwa ko tafin ƙafa sun fara ƙorafi a hanyar da ka saba bi ba tare da ka ƙara komai ba, juya shi ka duba ƙasansa, ka duba ranar da ka rubuta. In lokaci ya yi, sayi sabon tun tsohon bai ƙarasa ba, ka riƙa musanya su na mako biyu ko uku har ƙafar ta saba, sannan ka mai da tsohon na aikin gida.